An Matse Mana Tiya A Ajin SVT



Ina da ƙorafi, kuma na daɗe ina haɗiye shi. Ƙorafin nawa a kan milimita huɗu da rabi yake. Na san wani zai bushe da dariya ya ce duk abubuwan da ke damun ɗalibi a ƙasar Kornaka, daga zaman ƙasa a aji zuwa ƙarancin malamai, wanga bawan Allah bai ga abin ɗaukar alƙalami ba sai milimita huɗu da rabi. Ku ara mini kunnenku tukuna. In na gama, wanda ya ga dariya ce ta dace sai ya yi abarsa.

A makarantar da na yi, wadda ba zan kama sunanta ba don ba ita kaɗai ke da wannan ciwo ba, an taɓa ba mu jarrabawar SVT. A tsakiyar takardar akwai hoton jini yadda ake ganinsa a mikroskop, wato madubin nan mai ƙara girman abin da ido ba ya gani. Ƙwayoyin jinin sun fito zagaye-zagaye kamar masa a tanda. A ƙarƙashin hoton an rubuta ×2000. Tambayar ita ce: ku lissafa ainihin faɗin jar ƙwayar jini guda ɗaya.

Duk wanda ya zauna ajin SVT ya san ƙa'idar, don an sa mun rera ta har ta zauna. Ninkin girma shi ne girman hoto a raba shi da ainihin girman abu. Ke nan in ainihin girman abu kake nema, sai ka auna hoto ka raba da ninki. Na fiddo ma'aunina na roba mai santimita 20, na ɗora a kan ƙwaya guda, na samu milimita 10,5. Na sake aunawa a kan wata, haka dai. Milimita guda tana da mikron 1000, saboda haka milimita 10,5 ta zama mikron 10 500. Na raba da 2000, na samu mikron 5,25. Na ja layi biyu a ƙarƙashin amsata, na miƙa takarda, na fita ina taƙama.

Ranar gyara malam ya rubuta 7,5 a allo. Ni sifiri na samu a wannan tambaya. Abokina da muke zama benci ɗaya, wanda ko ma'auni bai zo da shi ba ran nan, ya tuna an taɓa faɗa mana faɗin jar ƙwayar jini mikron 7,5 ne. Ya rubuta 7,5, ya ƙago lissafin da zai kai shi can ta baya, ya kwashe maki duka. Na ɗaga hannu.

Na ce, "Mushe, ni fa na auna, goma da rabi na samu. Ga ma'aunin nan."

Ya ce, "Littafi bakwai da rabi ya ce. Kai ka fi littafi ne? Zauna."

Aji ya kwashe da dariya, ni ma na zauna, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai bayan makonni na gano inda gizo ke saƙa. Na je wurin mai fotokopi, na tarar yana ɗora shafi biyu na littafi a kan takarda ɗaya don a rage kuɗi. Na ga ya danna wani maɓalli, injin ya nuna 71%. Na tambaye shi, ya ce, "Ai haka anka saba, abokina. Kowa so yake a matse mishi shafi biyu a ɗaya." Na koma na ari ainihin littafin da aka ɗauko hotonmu daga ciki, na ɗora ma'auni a kan ƙwayar jinin. Milimita 15 cif. Mikron 15 000 a raba da 2000, ga 7,5 ɗin malam ya fito.

To ku duba da kyau. Littafi gaskiya ya faɗa. Ma'aunina ma gaskiya ya faɗa. Injin fotokopi ya rage hoton daga milimita 15 zuwa 10,5, amma lambar ×2000 ta biyo shi yadda take, don inji yana rage girman rubutu ne, ba ya gyara ma'anarsa. A takardar da aka ba mu, ninkin gaskiya wajen 1400 ne. Milimita huɗu da rabi sun ɓace tsakanin littafi da bencinmu, kuma a cikin aji mai cike da ɗalibai babu wanda ya lura, har da mai gyaran takarda.

Ban riƙe malamin nan a zuciya ba. Da kuɗin aljihunsa yake yi mana fotokopi, shi ya sa yake matse shafi. Kuma daga baya, da na kai mishi littafin da takardar ya gwada da kansa, bai yi girman kai ba. Ya yi shiru, ya mayar mini da makina, ya ce shi ma duk karatunsa sau biyu kacal ya taɓa kafa ido a mikroskop. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne darasin da ajin ya ɗauka ran gyara. An nuna mana ƙarara cewa wanda ya auna shi ke faɗuwa, wanda ya haddace shi ke ci. An nuna mana in idonka da takarda suka saɓa, idonka ne maƙaryaci. Kuma wai a darasin kimiyya aka koya mana haka, darasin da tushensa gaba ɗaya shi ne ka duba da kanka.

Ku je kasuwa ku ga yadda iyayenmu mata ke sayen hatsi. Wadda ko ajin farko ba ta taɓa shiga ba, kafin a zuba mata awo sai ta karɓi tiyar ta juya ta, ta shafa gindinta, ta ga ko an bubbuge shi ya shige ciki. Mai awo ya rantse ya ce tiya ce cikakka, ita ba ruwanta da rantsuwa, hannunta take tambaya. In ba ta yarda ba ta fiddo tata tiyar daga cikin kwando. Wannan mata ta fi mu kimiyya, mu da muke saɓa jakar littattafai. An matse mana tiya a aji, an rubuta "cikakka" a jikinta, mun karɓa mun ce mun gode.

Bari in warware wani abu da ake cakuɗa mana, don rabin ruɗanin daga nan yake. Ninki iri biyu ne. Akwai ninkin shi kansa mikroskop. Yana da gilashi biyu: na wajen ido, wanda galibi ×10 ne, da na wajen abin da ake dubawa, wanda ake juyawa a zaɓi ×4, ×10, ×40 ko ×100. Sai a ninka wannan da wancan. Goma sau arba'in, ×400 ke nan. Goma sau ɗari, ×1000 ke nan, shi ne wanda ake ɗiga wa mai na musamman. Wannan lamba ta mai leƙawa ce, a lokacin da yake leƙawa. Sannan akwai ninkin hoto, wanda ke kan takarda ko allo ko fuskar waya. Shi wannan ba ya zama wuri ɗaya. Mai buga littafi ya ƙara shi, mai fotokopi ya rage shi, malam ya zana shi a allo ya kai girman faifai, kai kuma ka buɗa shi da yatsu biyu a waya. Duk sanda girman hoto ya canza, ninkinsa ya canza. Lambar da aka rubuta a ƙasa kuwa tana nan daram, tana ta faɗin abin da ya riga ya wuce.

Maganin wannan ba ya cin ko dala. Masu bincike na gaske suna zana ɗan gajeren layi a cikin hoton, su rubuta tsawon da yake wakilta, misali mikron 10. Layin awo ke nan. In an rage hoto, layin ma ya ragu tare da shi. A ce a hotonmu akwai irinsa: a littafi zai zama milimita 20, a fotokopi ya koma milimita 14. Ƙwayar jini milimita 10,5, layi milimita 14 yana wakiltar mikron 10. Ka ninka 10,5 da 10 ka raba da 14, ka samu 7,5. Ko sau nawa aka matse takardar, amsa ba ta motsi, don hoton yana yawo da tiyarsa a cikin kwando. Me ya sa ba a fara mana da wannan ba? Me ya sa ake ba mu hoto tsirara, da wata lamba a ƙasa, a ce mu yi imani?

Yanzu ga waɗanda ke cewa, "To mu ina ruwanmu da faɗin ƙwayar jini? Mu dai mu ci BEPC, mu ci Bak, mu wuce." Ku ne na fi son mu yi magana, don ni ma na taɓa faɗin haka.

Wata damina ƙanwata ta kwanta da masassara mai zafi, har tana sambatu. Muka kai ta asibiti. Aka huda mata yatsa, aka shafa jinin a kan ɗan gilashi, aka rina shi, aka shiga da shi ɗakin awo. Ina tsaye a bakin ƙofa ina leƙe, sai ma'aikaciyar ta lura da ni.

Ta ce, "Ƙanena, kai ɗan lakwal ne? Wane aji?"

Na faɗa mata. Ta ce, "To zo ka gani, ai kun yi shi a SVT."

Na ce, "Tanti, a takarda munka yi shi."

Ta girgiza kai, ta matsa mini. Na kafa ido, ban ga komai ba sai fari da inuwar gashin idona. Shekara nawa ina lissafin ninki, ban san ana murɗa wani abu don hoto ya fito ba. Ta kama hannuna ta ɗora a kan ƙaramin maɓalli, na murɗa a hankali, sai ga su. Masa a tanda, cike da fili. A cikin wasu akwai wani ɗan abu kamar zobe mai ɗigon dutse. Ta ce shi ne mai kayar da ƙanwarka. Faɗin zoben nan bai wuce mikron ɗaya zuwa biyu ba. Ka jera guda ɗari biyar kafaɗa da kafaɗa, da ƙyar su cika milimita guda. Shi ne ke cika asibitocin jihar Maradi da yara duk Agusta da Satumba.

Sannan ta nuna mini lissafin da take yi a ɗaya gilashin, mai kaurin jini, wanda suke kira gut epes. Tana ƙirga ƙwayoyin cutar har sai ta ƙirga fararen ƙwayoyin jini 200. Ana ɗauka akwai farare 8000 a mikrolita guda na jini, ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba. In ta ga ƙwayoyin cuta 50, sai ta ninka 50 da 8000 ta raba da 200, ta samu 2000 a mikrolita. Lissafin nan ɗan uwan na jarrabawarmu ne, uwa ɗaya uba ɗaya: ka san abu biyu, ka nemo na uku. Ɗan gwajin gaggawa na TDR yana da amfani ƙwarai, amma "akwai" ko "babu" kawai yake cewa. Yawan cutar, da ko tana raguwa bayan an sha magani, sai wanda ya iya leƙawa ya kuma iya ƙirga.

To ku gaya mini, in ma'aikaciyar nan irin abokina ce, mai rubuta amsar da ya san ana so, ina ƙanwata za ta kwana? Kuma ku tuna, masu zama kan kujerar nan nan da shekara goma, a Kornaka da Sabon Mashi da Ɗan Gulbi da Dakoro, mu ne. Babu wanda za a sauko mana da shi daga sama. Tarin fuka a kaki ake neman ƙwayarsa, ɗan sanda mai tsawon mikron biyu zuwa huɗu. Tsargiya, wadda yaran da ke wanka a tafki suka sani, ƙwanta ake nema a fitsari, mai tsawon wajen mikron 150 da ƙaya a wutsiya. Sanƙarau da ke zuwa mana da zafin bazara, ƙwayarsa ba ta wuce mikron guda ba. Wanda bai san girman abin da yake nema ba, zai ga ƙura a gilashi ya ce cuta ce, ko ya ga cuta ya ce ƙura ce.

Akwai kuma masu cewa, "Ai yanzu zamanin waya ne, komai yana intanet, me za a yi da mikroskop?" Wallahi wayar ce ma ta sa lissafin nan ya zama dole. Sau nawa aka turo muku bidiyo a WhatsApp, wani abu yana motsi a cikin da'ira, wata murya tana cewa ga abin da aka gani a cikin allura, ko a cikin abinci kaza? Babu layin awo, babu ninki, babu sunan wanda ya ɗauka. Zaren auduga in an ninka shi sau ɗari zai yi kama da maciji. Wanda ya fahimci darasin ninki, tambayarsa ta farko ita ce: wannan abu nawa ne girmansa? Kuma ya san mikroskop mai aiki da haske yana da iyaka. Tun 1873 wani Bajamushe, Ernst Abbe, ya nuna iyakar, wadda ta kama wajen mikron 0,2. Abin da bai kai haka ba, ko sau nawa ka ninka hoton, dishi-dishi kawai za ka ƙara wa girma. Ƙwayar cutar shan inna wajen mikron 0,03 ce. Saboda haka duk wanda ya nuna maka ita tana iyo a mikroskop irin na asibitin gari, ka san ya raina maka hankali. Darasin da muke rainawa shi ne garkuwarmu daga masu wasa da tsoron mutane.

Hujja mafi nauyi ita ce ta kuɗi, kuma ba zan kauce mata ba. Za a ce ƙasar da yara ke karatu a ajin zana, ina ita ina mikroskop? Ba mu manta ba, a watan Nuwamba na 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana a birnin Maradi ta kashe yara sama da 20, Allah ya jiƙansu. Wanda ya ce a fara gina aji kafin ɗakin gwaje-gwaje, gaskiya ya faɗa, kuma ina bayansa. Amma ku lura, abin da ya faru da ni bai da alaƙa da siminti. Layin awo alƙalami kawai yake so. Yarda da ɗalibin da ya ce "na auna" ba ta cikin kasafin kuɗin ƙasa. Talauci gaskiya ne, amma mun mai da shi bargo muna lulluɓe lalaci da shi.

Ku dubi waɗanda suka buɗe wannan ƙofa tun farko. Antonie van Leeuwenhoek ɗan kasuwar yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, bai taɓa shiga jami'a ba. Da hannunsa yake gyara ƴan ƙananan gilasai, guda ɗaya tal a kowane madubi. A 1674 ya leƙa ruwan tafki ya ga halittu suna yawo a ciki. Ba shi da ma'aunin mikron, sai ya riƙa gwada abin da ya gani da ƙwayar rairayi da silin gashi, ya ce kaza daga cikinsu ne za su kai faɗin ƙwayar rairayi guda. Layin awo ke nan, na talaka. Kuma da harshensu na gida ya rubuta wa masana na Landan, don bai iya Latin ba, su suka nemi masu fassara. Alphonse Laveran kuma, likitan sojan Faransa, a nahiyarmu ya ga ƙwayar masassarar cizon sauro karo na farko, a garin Kustantin na Aljeriya, a watan Nuwamba na 1880. Manyan likitocin Turai sun daɗe suna musa mishi, don a lokacin an fi yarda da cewa mugun iskan fadama ke kawo cutar. Da ya bi dokar "kai ka fi littafi ne?", da ya zauna kamar yadda na zauna.

Kuma kada a ce wannan hali na Turawa ne kaɗai. Shekaru dubu da suka wuce, Ibnul Haisam, haifaffen Basra, ya rubuta Kitabul Manazir a kan haske da gani, ya kafa hujjojinsa a kan gwaji. A gidanmu ma, Abdu Mumuni, masanin kimiyyar da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, wanda ya ba da rayuwarsa ga binciken hasken rana, tun 1964 ya fitar da littafi kan ilimi a Afirka yana sukar makarantar da Turawan mulki suka bar mana, yana kira a koyar da harsunanmu. Shekara sittin da ɗoriya ke nan. Har yau muna haddace kalmar grossissement, da yawanmu ba za su iya bayyana wa ƙanensu ma'anarta da Hausa ba. Mu da muke da taƙi da kamu da gaba, da tiya da dami, mu za a ce ba mu da kan awo?

Laifinmu mu ɗalibai ma sai na faɗe shi. Muna fita yajin aiki, muna jera buƙatu, kuma da yawansu halal ne. Amma ni dai ban taɓa zama taron ɗalibai da wani ya miƙe ya ce a nuna mana mikroskop ba. In malam ya ce gobe kowa ya zo da ma'auni, rabin aji sai ya zo hannu rabbana. In wani ya yi tambaya, mu ne masu fara cewa yana ɓata mana lokaci. Dariyar da aka yi mini ran gyara, ba malam ya yi ta ba. Ƴan uwana ne suka yi.

Don haka ga abin da nake kira mu yi, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu a ciki.

Na farko, duk hoton da aka ba mu aka ce mu lissafa girma, mu nemi layin awo. In babu, mu tambaya cikin ladabi: "Mushe, an rage hoton nan a fotokopi ko yadda yake a littafi ne?" A jarrabawa kuma mu rubuta abin da muka auna ƙarara, milimita kaza, kafin mu shiga lissafi, don mai gyara ya ga inda amsar ta fito. Malamanmu kuma muna roƙonsu, kafin su raba takarda su ɗora ma'auni a kan kwafin da za a ba mu, minti ɗaya ne.

Na biyu, mu bincika ko akwai mikroskop a kulle a wata kabad. In akwai, a buɗe. Kayan da aka ajiye don tsoron kada ya lalace, ƙura ta riga ta cinye amfaninsa. In aka ce babu lantarki, akwai mikroskop mai ɗan madubi a ƙasa da ke tattaro hasken rana, kuma rana dai ba mu taɓa rasa ta ba a Dakoro.

Na uku, in babu ko ɗaya, shugabannin ɗalibai da kwamitin iyaye su nemi alfarma a asibitin da ke kusa, a ba kowane aji awa guda a shekara, goma-goma, su leƙa. Ni minti biyar aka ba ni, kuma sun fi mini shekara uku na hadda. Wanda Allah ya kai Maradi kuma ya san ɗalibai a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ya roƙe su in sun zo hutu su zauna da ƙannensu su nuna musu abin da suka gani.

Na huɗu, mu fara da abin da ke hannu. Ɗigon ruwa mai tsabta a kan farar leda mai haske, in ka ɗora shi bisa rubutu, zai ƙara mishi girma. Ka auna harafin ba ruwa, ka kimanta shi da ruwa, ka raba, ka samu ninki da kanka. A 2014 wani malami ɗan asalin Indiya a jami'ar Stanford ta Amurka, Manu Prakash, shi da ɗalibinsa suka fito da mikroskop na takarda mai suna Foldscope, mai ninki 140, wanda kuɗin kayan haɗa shi bai kai jaka guda ba. Ninki 140 ya isa ka ga ɗakunan da ke cikin fatar albasa, kowane wajen rubu'in milimita, jere kamar tubalin gini. Albasa kuwa tana kowane murhu.

Na biyar, duk wanda ya fahimci darasin nan ya koyar da shi ga mutum ɗaya da Hausa, ba tare da ya ari kalmar Faransanci ko guda ba sai inda ya zama tilas. In ka kasa, to ka san hadda ce gare ka, koma ka sake.

Ɗan littafin nan da ke hannunka ma fotokopi ne, kuma na tabbata an matse shi don takarda ta isa. Saboda haka kada ka yarda da ni don na rubuta. Ɗauki lambobina ka sake lissafa su. Je wurin mai fotokopi ka ja layi mai santimita 10, ka ce ya rage maka zuwa 71%, ka auna abin da ya fito. In ka samu na yi kuskure, ka rubuto a fitowa ta gaba ka gyara mini, zan karɓa da hannu biyu, kuma ba zan ce maka zauna ba.

Ƙanwata ta warke, alhamdu lillahi, bana ta shiga kolej. Na saya mata ma'auni guda biyu, na ce ɗaya nata ne, ɗaya kuma na duk wanda ya zauna kusa da ita ya ce ya manta nasa.